Wankan da Inna Ta Ƙi Yi

Babu wanda bai san hannun Inna ba a layinmu na Tudun Wada. In mace ta haihu, kafin a gama gyara ɗaki an aiko mata, ta ɗauki tsummanta da sabulun salo ta tafi. Wasu daga cikin jariran da ta yi wa wanka yau sun yi gemu, suna da nasu 'ya'yan. Amma da na haifi nawa, bayan shekarun da na yi ina jira har na fara cire rai, Inna ta ƙi taɓa shi ko da ɗan yatsa. Abin da ya jawo haka kuwa wani tsohon fim ne na ban dariya. Har yau in na faɗa sai in ga mutum yana danne murmushi, kuma ba na ganin laifinsa. Mu ma dariyar muka yi ta yi shekara da shekaru.

Baba gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ɗan shago a bakin titi. Wata rana wani mutum ya kawo bidiyo, kaset ya maƙale a ciki, ya ce zai dawo, bai kuma dawo ba. Baba ya gyara, ya jira har ya gaji, ya kawo gida ya ce amana ce. Takardar jikin kaset ɗin ta ɓare, farkonsa kuma injin ya tauna, don haka ba mu taɓa sanin sunan fim ɗin ba. Baba mutum ne mai tsauri, ba a shigo masa gida da fim mai rawa da waƙa. Wannan ya zauna shi kaɗai ya duba, ya ga babu abin da zai ɓata yara, ya ce to. Ya zama kaset ɗinmu guda ɗaya tal. Duk ranar da aka kawo wuta bayan la'asar, shi za a saka.

Fim ɗin baƙi da fari ne, na Turawa. Wani dogon mutum ne siriri mai manyan kunnuwa, ɗan aike a wata ma'aikata. Ya rasa wurin zama ya ci abincinsa, sai ya haye kan wani duro mai wata alama a jiki, kamar fanka mai fiffike uku. Murfin duron ya rufta da shi. Da aka zaro shi sai ya zama duk abin da ya taɓa ya shiga uku. Ya riƙe ƙwan fitila ya kama. Ya gaisa da shugaban ma'aikata, gashin kan shugaban ya miƙe tsaye. Ya shiga ɗaki mai duhu, jikinsa na haske, kyanwa ta dira ta taga. Wasu likitoci masu farar riga suna bin sa da wani akwati mai ƙara, da zarar ya matso sai su watsar da akwatin su ruga su kulle ƙofa. Wurin da ya fi kashe mu shi ne inda ya ɗauko ɗan tsako zai ba budurwarsa. Ya rufe shi a tafin hannu yana murmushi, hayaƙi ya tashi, ya buɗe hannu sai ga shi gasasshe.

Turancin fim ɗin ta hanci ake yin sa, ba mai ji a gidanmu. Yayana, wanda shi ne babba kuma ya fara sakandare, shi ke tsayawa gefen talabijin yana yi mana fassara. Wallahi ƙarya yake shirga mana, don kullum maganar da dogon ke yi sai ta canza. Yau ya ce yunwa yake ji, gobe ya ce yana neman gafarar uwarsa. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba. Ya ce abin da ke cikin duron wuta ce da ba a gani, in ta shiga jikin mutum ba ta fita, kuma duk wanda ya taɓa ya ɗauka. Mun haddace wannan kamar karatun allo.

Inna cewa take ita ba ta kallon shirme. Sai dai duk lokacin da aka saka, za ka gan ta a bakin ƙofa da faifai tana tsintar shinkafa, shinkafar kuma ba ta ƙarewa sai kaset ya ƙare. In aka zo kan ɗan tsakon nan sai ta ajiye faifan ta yi dariya har da hawaye, tana gogewa da bakin zane tana cewa, "Allah shi shirye ka, wanga dogo." Amma ƙarshen ba ya ba ta dariya. Wanda ya ɗauki fim ɗin kaset ya ƙare masa kafin labari ya ƙare, don haka namu yana tsayawa ne a inda aka killace dogon a wani fili, ana miƙa masa abinci a kan doguwar sanda. Mu muna ta ƙyaƙyatawa, ita kuwa sai ta ɗauki faifanta ta ce, "Sun bar shi shi ɗai, bawan Allah." Ko ya warke ko bai warke ba, oho, ba mu gani ba.

Shekaru suka tafi. Baba ya rasu, bidiyon ya mutu, kaset ɗin ban ma san inda ya ƙare ba. Na yi aure na koma unguwar Minanata. Haihuwa ta ƙi zuwa. Inna ce ke raka ni wurin likita da wurin masu magani, ita ce ke tare mini bakin mutane. Takan ce da ni, ranar da Allah ya kawo, ko tana rarrafe ita za ta yi wankan. Allah ya kawo ɗin. Amma a cikin watannin da cikina ke girma, wani ƙullutu yana girma a nononta na dama, ta ɓoye mana don kada hankalina ya tashi. Sai da ya fashe matar Yaya ta gani a jikin riga. Aka ce sankara ce. Aka yi tiyata aka cire nonon, sannan aka ce saura gashi, wato a riƙa kwantar da ita a ƙarƙashin wani inji yana ƙona ragowar cutar.

Ranar farko ni da Yaya muka kai ta. Cikina ya tsufa, da kyar nake jan ƙafa, amma na ce sai na je. Muka bi wani dogon baranda har ƙarshensa. Wata malamar asibiti ta dubi cikina ta ce, cikin ladabi, in tsaya a nan, masu juna biyu ba sa wuce wannan layin. Na zauna a benci. Inna ta yi gaba, sai na ga ta ja ta tsaya a gaban wata ƙatuwar ƙofa mai kauri. A jikin ƙofar akwai alama, rawaya da baƙi, fanka mai fiffike uku. Inna ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya karantawa, amma wannan ta karanta shi. Ta daɗe tana kallo, ta waiwayo ta dubi cikina, sannan ta shiga. Ni a lokacin ƙafafuna da suka kumbura nake ta fama da su, ban kawo komai a raina ba.

Da ta fito na miƙe zan kama ta, ta ce in bari, za ta iya. A mota ta ce gaba za ta zauna, iska take so. Inna da ba ta taɓa yarda ta zauna gaban mota ba, tana cewa wurin maza ne. Daga ranar ta ware kofinta da kwanonta da butarta. In na je gida gaishe ta sai ta ce in zauna can inuwa, ɗakin da zafi. 'Ya'yan Yaya da ke kwana a bayanta ta kore su, ta ce sun cika motsi. Muka ɗauka warin ciwon take jin kunya, ko kuwa jiki ne ba daɗi. Gashin ya ƙona mata fatar ƙirji ta yi baƙi, ga kasala, ga rashin cin abinci. Wa zai tsaya yi wa mara lafiya tambayoyi a kan kofi?

An gama gashin ba da jimawa ba na haihu, namiji. Haihuwar fari ce, don haka gida aka kawo ni wanka kamar yadda aka saba. Ina shiga tsakar gida na tarar an gyara mini ɗakin Inna, an kunna turare, an shimfiɗa sabon zanen gado. Ita kuma ta kwashe kayanta ta koma ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, inda tarkacen rediyon Baba suke. A maimakonta Gwaggo na gani, ƙanwar Baba, an ɗauko ta daga Wamakko da ƙullin kayanta. Inna ce ta aika a taho da ita tun kafin in fara naƙuda.

Matar Yaya ta ɗauki jaririn ta nufi ɗan ɗakin da shi tana guɗa. Inna na zaune a bakin ƙofa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Buɗe min huskar in gani." Aka buɗe daga nesa. Ta leƙo, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce, "Ku tahi da shi ɗaki, rana na dukan shi." Babu wata rana a wurin, inuwar darbejiya ce.

Gwaggo mace ce mai kirki, amma aikinta na gona ne da surfe, kuma idonta ya fara raunana. Ta haifi nata ta yi musu wanka, sai dai an daɗe. Safe da yamma za ta dafa ruwa da ganye ta yi mini nawa wankan, ta dama kunun kanwa, sannan ta miƙe ƙafa a tsakar gida ta ɗora yaron. Inna kuwa tana can ƙetaren tsakar gida a kan tabarma, ta miƙo wuya, tana ba da umarni.

"Taɓa ruwan da guiwar hannu, ba da yatsa ba."

"Na taɓa."

"Ba ki taɓa ba, ina kallon ki. Tallabe mai wuya. Ke, sabulu za shi shiga ido."

Gwaggo ta gaji wata rana ta ce, "To ki taso ki yi mana, tun da ke kinka iya." Inna ba ta taso ba. Na ga hannunta na hagu yana motsi a kan cinyarta, yana bin yadda ake cuɗa bayan jariri. Na dama ya fara kumbura tun bayan tiyata, ta naɗe shi a cikin mayafi.

Ni fa ina da zuciya, kowa ya sani, a wurin Baba na gado ta. Raina ya yi mummunan ɓaci. Matar da ta yi wa 'ya'yan mai gawayi wanka, ta yi wa 'ya'yan baƙin da ko sunansu ba ta sani ba, yau nawa ne ba zai taɓu ba? Na yi ta juya abin. Ko wani abu ta gani a jikin yaron take ɓoye mini? Na tuɓe shi na duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, lafiyarsa lau. Ranar suna gida ya cika, ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowace tsohuwa tana kiran sa mijinta tana kushe masa hanci. Kakarsa ta gaskiya tana ɗaki ta saki labule, mata suna gaishe ta daga waje. Na ji wata daga dangin mijina tana tambayar wata ko dai akwai wata a ƙasa tsakanina da uwata. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na fito aka ci gaba da ɗaukar hoto.

Na daure har bayan sati biyu. Ran nan da hantsi Gwaggo ta tafi kai niƙa, matar Yaya tana wanki a baya. Na saɓi yaron na ƙetare tsakar gida kai tsaye. Inna na ganin na nufo ta ta fara ja da baya da gindi, har ta shige ɗakin, bayanta ya bugi tulin tsofaffin rediyo.

"Inna, karɓi jikanki."

"Koma da shi."

"Ba inda za ni. Mi yay yi miki? Mi na yi miki?"

Na sa ƙafa a kan dokin ƙofa. Sai ta daka mini tsawa, irin wadda tun ina yarinya ba ta taɓa yi mini ba. Yaron ya firgita ya fasa kuka. Ita kuwa ta ɓoye hannuwanta a bayanta.

"Ke ba ki da hankali? Kashe shi kika so in yi? Ba ki ga fankar ga ba jikin ƙofa? Ita ce ta jikin duron dogo. Wutar da ba a gani, ita sunka ɗura min, kullum, har sunka gama. In taɓa ɗan jinjiri da ita, shi koma awa ɗan tsakon nan?"

Na tsaya da baki buɗe. Da wani ne ya ba ni labari da na yi dariya. Na ce, "Haba Inna, wancan fa fim ne. Wasa ne na Turawa. Yaya ma ƙarya yake yi muna, ba ya jin abin da suke faɗi."

"Fim ne ya hana ki wuce layi ran da munka je? Ni na ga abin da na gani. In sun kwantar da ni, duk hita suke da gudu, su ja ƙofar ga mai nauyi, su bar ni ni ɗai. Ta cikin talabijin suke kallo na. Su da sunka yi karatun abin ba su tsayawa, sai ɗanki da ko cibiya ba ta warke ba?" Ta buɗe mayafi ta nuna mini ƙirjinta, fatar baƙa ƙirin. "Duba. In ba wuta ba, mi ya yi wanga?"

Na dubi ƙirjin. Duk abin da ta lissafa gaskiya ne, da idona na ga rabi. Na yi makaranta, ina koyar da yara lissafi, amma a kan wannan abu iyakar ilimina shi ne nata, daga baki ɗaya muka ji shi. Na ji hannuna ya ƙara ƙanƙame yaron. Inna ta ga haka, ta gyaɗa kai, ta ce, "Yawwa. Tahi da shi." Na koma ɗaki. Fushin ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo. Ashe duk kwanakin nan tana zaune tana kallon abin da ta fi so a duniya, tana tsare shi daga kanta.

Da Yaya ya dawo kasuwa na tare shi a zaure na zazzage masa. Na ce ga abin da fassararsa ta haifar. Ya fara dariya, sai ya daina. Ya ce shi ma fa ba ƙirƙira ya yi duka ba, wani malaminsu ya taɓa faɗin wani abu mai kama da haka. Ya zaro waya ya yi ta dube-dube. Wani wuri an ce babu komai. Wani wuri an ce akwai irin gashin da ake hana mutum kusantar jarirai da masu ciki. Wanne aka yi wa Inna? Ba mu sani ba. An yi wa Yaya bayani a ranar farko, amma ya ce shi a lokacin kansa ya ɗauki zafi, kalmar sankara kawai yake ji. Na ce ya koma asibiti ya tambaya. Ya ce to. Gobe ya ce layi ya yi yawa, jibi ya ce likitar ba ta zauna ba. Na san shi sarai, nauyi yake ji ya tsaya gaban likita da gemunsa ya yi tambayar da ta samo asali daga fim ɗin dogo. Ni kuma mai jego ce, Gwaggo ko zaure ba ta so in leƙa. Ƙarshe aka ce a bari sai ranar da aka ba Inna ta koma, a tambaya gaba ɗaya. A bari ɗin nan ita ta cinye mana arba'in.

Haka muka zauna, tsakar gida ɗaya, kamar akwai rafi a tsakani. Bayan wanka nakan zauna a bakin ƙofata in juyo da fuskarsa wajenta. Ta riƙa yi masa wasa daga can, tana tafa cinya da hannu ɗaya. Ta sa aka sayo kwalli da man kaɗanya, amma ta ce kada a kawo mata, a wuce da su ɗakina, kada ta taɓa. Wata rana iska ta ɗauke 'yar hularsa daga igiya ta jefa kan tabarmarta. Ta zauna tana kallon ta, ba ta ɗauka ba, sai da matar Yaya ta zo ta tsince. Tana ramewa muna gani. Tari ya fara, bayanta ya fara ciwo, sallah ta koma yi a zaune.

Arba'in ta cika, dangin mijina suka aiko za su zo ɗaukata. Na ce a ƙara mini kwanaki. Ranar komawa asibiti na bar yaron wurin Gwaggo na bi su, Gwaggo na faɗa ina saka takalmi. Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta duba hotunan da aka ɗauka, ta duba hannun, ta saurari ƙirji, ta daɗe tana rubutu. Yaya ya sunkuyar da kai, na ga ba shi da niyya. Sai na yi tambayar da kaina. Ban ambaci fim ba. Na ce akwai jariri a gida, Inna tana tsoron abin da aka gasa ta da shi yana jikinta.

Likitar ta ajiye biro. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina yi mata addu'a saboda haka. Ta jawo kujera kusa da Inna ta ce, "Mama, irin wanda aka yi miki, daga inji yake fitowa. In aka kashe injin ya ƙare, kamar yadda in kin kashe fitila haske ba ya kwana a ɗaki. Muna fita ne don mu kullum muna wurin, shekara da shekaru. Ke ba ki fita da komai ba. Tun ranar farko da kin ɗauki jariri babu abin da zai same shi."

Inna ta ce, "Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Ke kina da ɗiya?"

"Ina da su."

"Za ki ba ni in ɗauka?"

"Da suna nan da na ɗora miki a cinya yanzu." Ta kamo hannun Inna, mai kumburin, ta riƙe shi a cikin nata. Rabon da wani ya riƙe hannun nan ba da safar roba ba tun kafin gashi, don ba ta bari. Inna ta dubi hannayen biyu.

Daga nan likitar ta ce Inna ta ɗan jira a waje, ta tsayar da ni da Yaya. Ta ce cutar ta shiga ƙashi da huhu. Za a ba da maganin rage ciwo. Ta ce mu bar ta ta yi duk abin da ranta ke so. Abin da ya rage mata bai kai yaron ya fara zama ba, amma a ranar ba mu san haka ba, mun dai san kaɗan ne.

Muka koma mota. Inna ta shiga baya ta zauna kusa da ni, kafaɗarta na gogar tawa. Sai da muka shigo layinmu ta ce da Yaya, ba tare da ta dube shi ba, "Kai da fassararka." Yaya ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya kifa kai a kan sitiyari, mu muka fita muka bar shi.

La'asar ta yi. Inna ba ta ko cire mayafi ba ta ce a ɗora ruwa. Gwaggo ta ce ai an yi masa na safe, na yamma da saura. Inna ta ce a ɗora. Aka kawo baho da tsumma da sabulu, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Da kyar muka zaunar da ita, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bango. Ta miƙo hannu za ta karɓe shi, na dama ya ƙi ɗaguwa, na hagu kuma shi kaɗai ba zai iya ba. Yaron ya yi nauyi, ya yi ɓul-ɓul, ba jinjirin da aka kawo ba ne. Ni na kwantar mata da shi a kan ƙafafunta, na durƙusa a gefe na tallabe.

Ta ɗora tafin hannu a kan cikinsa, ta bar shi a nan, tana jira. Yaron ya yi miƙa, ya kama ɗan yatsanta ya kai baki. Sai ta sunkuya iyakar yadda bayanta ya bari ta shinshina kansa.

"Kai ne maigidan?" ta ce. "Mummuna da kai. An ce min kyakkyawa ne, ashe tsakar gida ce ta yi faɗi."

Ta taɓa ruwan da guiwar hannu, ta ce a sirka. Ni ke zubawa, ita ke cuɗawa da hannu ɗaya. Ta bi bayan kunne, ta bi wuya, ta buɗe 'yan yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta duba cibiya ta ce ba laifi. Da ta zo kan kai sai hannunta ya tsaya. Ta shafa daga goshi zuwa baya, ta sake shafawa.

"Wa yag gasa mai kai?"

Gwaggo ta ce, "Ni."

"Kin bar shi da ƙeya. Tun kwanakin farko aka danna ta da tsumma mai ɗumi, tana taushi, a mai da ita. Daga can ban iya gani ba." Ta tsoma tsumman a ruwa, ta matse shi a jikin bahon da hannu ɗaya, ta ɗora a bayan kansa ta fara dannawa a hankali.

Gwaggo ta ce, cikin sanyin murya, "Ai yanzu ƙashi ya yi ƙwari. Ba ta komawa."

"Na sani," in ji Inna. Hawaye na bin fuskarta suna ɗiga a bahon, ba ta da hannun gogewa. Ta sake tsoma tsumman. "Ruwan ya huce. Ƙaro min mai ɗumi."